Sunan da ke Ƙarƙashin Jan Fenti

Shekara talatin da ɗaya na yi ina suyar wainar masara mai ƙwai a ƙofar filin rawa na Don Arcadio Barrios, a unguwarmu ta bakin fadama a Cartagena. In aka ce in faɗi wanda ya fi ba ni haushi a duk shekarun nan, ba mashaya zan ambata ba, ba kuma 'yan sandan da ke cinye min waina su goge baki su wuce ba. Nemesio Herazo zan ce. Maƙwabcina ne, katangar katako ce kawai tsakaninmu, kuma ban taɓa ganin mutum mai hannu irin nasa da sanyin zuciya irin nasa ba. Abu ɗaya tak ya nema a duniya, a san cewa shi ya yi kiɗan da duk garin nan ke rawa da shi.

Filin ba wani abin a zo a gani ba ne. Ƙasa ce daɓaɓɓiya da aka kewaye da tsohon kwanon rufi, sai bishiyar mangwaro ɗaya da ba ta taɓa yin 'ya'yan kirki ba. Kowace Lahadi, daga bayan abincin rana har faɗuwar rana, nan masu dako a tashar jiragen ruwa da masu wankau da masu sayar da kifi ke zuwa su karkaɗe gajiyar mako. Lokacin da na fara kafa kaskona, makaɗa huɗu ne ke tashe a wurin, Nemesio ne mai jita. Siriri ne, ba ya kallon mutane idan yana bugawa, sai ya sunkuyar da kai kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Sai piko ya zo. Akwatin lasifika ne da ya kusa ɗakin kwanana girma, an zana wata baƙar kunama a gabansa tana harbin jirgin ruwa, shi ya sa ake ce masa Kunama, da allurar garmaho da za ta bi faifai a kan tebur. Idan aka kunna shi har man da ke kaskona rawa yake yi. Lahadi uku kacal Don Arcadio ya haɗa makaɗa da Kunama a fili ɗaya, a ta huɗu ya tara su a gindin mangwaro.

"Ku yi haƙuri, jama'a," in ji shi. "Kunama ba ta cin abincin rana, ba ta buguwa, kuma matarta ba ta haihuwa ranar Lahadi."

Ukun suka tattara kayansu. Nemesio ne kaɗai ya tsaya, aka ba shi dakon akwatuna da aikin kankare faifai.

Faya-fayan da ke tashe a lokacin na Afirka ne, waɗanda ma'aikatan jiragen ruwa ke kawowa a ƙasan akwatinsu daga Kongo da Najeriya. Darajar piko ita ce ya mallaki faifan da abokin gasarsa ba shi da shi. Abokin gasar Kunama wani piko ne na ƙetaren gada mai suna Damisa, kuma mutanen Damisa kan turo ɗan leƙen asiri ya tsaya kusa da tebur yana juya kai tare da faifai, ko zai karanta sunan ya sa a kawo musu nasu. Saboda haka duk faifan da ya shigo hannun Don Arcadio, sai a ƙona kwalinsa, a kankare takardar da ke tsakiyarsa, a shafe wurin da jan fenti. Nemesio ke wannan aikin, da jiƙaƙƙen tsumma da bayan cokali, kuma bai taɓa ƙwarzanar layin kiɗa ko ɗaya ba.

Kafin ya kankare sai ya saurari faifan sau uku, ya karanta sunan mai shi a bayyane. Wata rana na kai masa waina na tarar da shi yana maimaita wani suna mai wuyar faɗa.

"Addu'a kake yi?" na ce.

"Casilda, ni ne mutum na ƙarshe a ƙasar nan da zai san sunan bawan Allahn nan," ya ce. "Ai ya kamata a kira shi ko sau ɗaya."

Daga wannan sauraren ne yatsunsa suka ɗauki salon jitar mutanen can. Da safe kafin ya fita nakan ji shi ta bayan katanga yana ta juya wani sauti, ya kai shi sama, ya tsaya cak kamar wanda aka kira daga nesa, sannan ya sauko da shi a hankali. Na san tushen sautin. Gunagunin mahaifiyarsa Tomasa ne, wanda take yi idan tana bugun wanki a kan dutse, ita ma daga kakarta ta ji shi. Shekara biyu yana gyara shi. Rannan sai ya sayar da kwalekwalen da ya gada daga ubansa, ya nemo tsofaffin abokan kiɗansa, suka shiga mota zuwa Barranquilla, wani ɗan ɗakin ɗaukar sauti a saman shagon yadi. Bayan wata guda ya dawo da kwali a ka, cike da faya-fayai masu rawayar takarda a tsakiya, an rubuta Nemesio Herazo da Abokansa.

Da ya ji tawa, da gidan rediyo ya fara kaiwa, ko kasuwa. Amma shi wurin maigidansa ya nufa. Ranar Talata ce da hantsi, ina filin ina goge kasko, shi ya sa komai a gabana aka yi.

Don Arcadio ya ɗora allura. Kafin kiɗan ya kai rabi ya ajiye sigarin da ke bakinsa.

"Wa ya kawo wannan?"

"Ni na buga shi, maigida."

"Kai, bar wasa da girmanka."

Nemesio ya nuna masa takardar. Don Arcadio ya karanta, ya sake sa faifan, ya sake sawa. Sannan ya tambayi wa ya ji shi bayan mu, aka ce babu kowa.

"To zauna ka saurare ni, Nemesio. In na ɗauki makirufo na ce ga kiɗan ɗan Tomasa mai wankau, wannan da ke ɗaukar mana akwati, za su tafa maka, sannan su fita sayen wainar Casilda. Amma in na ce daga Kongo ya zo, a ƙasan akwatin wani matuƙin jirgi, na rantse da Allah sai sun karya kwanon filin nan. Ka ba ni kwalin duka. In riƙe ɗaya, a fasa sauran. Mu kayar da Damisa da shi a bikin gari na watan Nuwamba. Shekara ɗaya kawai, sai in tsaya a gaban jama'a in kira sunanka da bakina. A lokacin sun riga sun so shi, ba yadda za su yi."

"Kai Nemesio," na ce, "ɗauki kwalinka mu tafi gida."

"Casilda, je ki ji da kaskonki," in ji Don Arcadio. "Maganar maza ake yi."

"Maganar ɓarayi dai."

Nemesio bai ko dubi inda nake ba. Idonsa na kan Kunama. Daga baya ya gaya min abin da yake tunani a lokacin: bai taɓa jin jitarsa da ƙara irin wannan ba, kuma ya san in ya fita da kwalin ba zai sake ji ba. Aka kawo guduma. Shi da kansa ya farfasa faya-fayan a cikin buhu, shi ya kai buhun ya jefa a fadama. Na ƙarshen kuma ya ɗauka ya juya mana baya a gindin mangwaro, da tsumma da cokali da gwangwanin fenti. Na yi kuka ranar, kukan takaici, na kuma yi masa zagin da har yau nake jin kunyarsa.

Da la'asar ya leƙo ta saman katanga yana murmushi kamar wanda ya ci gasa.

"Ban kankare ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Fenti kawai na shafa, sau uku. Sunana na nan a ƙasa, ko harafi ɗaya bai ɓace ba. Kada ki gaya wa kowa."

Bikin Nuwamba ya zo, aka kafa Kunama da Damisa suna fuskantar juna. Da rana ta karkata Don Arcadio ya ɗora faifan, ya ce sabon zuwa ne daga Kongo, babu irinsa a duk ƙasar. Abin da ya faɗa shi ya faru. Inda jitar ke tsayawa cak, filin ya yi tsit, da ta sauko kuwa sai mutane suka yi ihu, kwano biyu suka faɗi ta wajen gabas. Na ga tsofaffin mata suna rawa suna hawaye, suna cewa haka kakanninsu ke gunaguni, ashe abin yana nan a can gida Afirka bai mutu ba. Nan take aka laƙaba wa faifan suna Ɗan Kongo. Nemesio na tsaye a bayan akwati riƙe da wayar lantarki don kada masu rawa su tsinka ta.

Shekara ta zagayo, Don Arcadio ya ce a bari sai baɗi, mai Damisa ya aika matuƙan jirgi neman faifan har Turai, bai kamata a kashe wasan yanzu ba. Baɗi ta zo ya ce uwargidansa ba lafiya. Daga nan ya daina ba da dalili, sai ya dafa kafaɗar Nemesio ya ce, "Ina sane, ɗan'uwa." Ɗakin ɗaukar sauti na Barranquilla ya rufe, an ce ma tun kafin nan an ɗora tallar sabulu a kan zaren kaset ɗin da aka naɗi kiɗan. Mai ganga ya mutu. Sauran biyun suka tafi Venezuela neman aiki, ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

A shekara ta shida haƙurin Nemesio ya ɗan gaza, ya fara faɗa wa mutane cewa shi ya buga kiɗan. Sai ya zama abin dariyar unguwa.

"Ɗan Kongo! Yaushe jirginka zai koma?"

"Nemesio, gaishe mana da mutanen gida in ka rubuta wasiƙa!"

Wata Lahadi ya ɗauko jitarsa ya zauna kusa da kaskona ya buga kiɗan tun daga farko har ƙarshe, bai kuskure ko ɗaya ba. Mutane suka taru suka tafa. Wani mai dakon kifi ya ce, "Kai, mutumin nan ya iya kwaikwayo! Sai dai na asalin ya fi daɗi." Lokacin duk wanda ya mallaki jita a unguwar ya koyi Ɗan Kongo, don haka bugawar ba ta zama shaida ba. Har wasu samari suka sake ɗaukarsa da sababbin kayan kiɗa, aka yi ta sa shi a rediyo ana cewa tsohon kiɗan gargajiyar Afirka ne, ba a san mai shi ba. Ni ma da na buɗe baki na ba da shaida, cewa aka yi Casilda na son maƙwabcinta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, duk Lahadin duniya shi ke ɗauko akwatin faifai daga gidan Don Arcadio zuwa fili, shi ke mayarwa. Faifan na hannunsa. Na sha ce masa ya zare shi ya kawo min, in sa kalanzir in goge fentin a gaban mutane a kasuwa.

"Mutumin ya yi alkawari, Casilda."

"Alkawarin ya yi furfura, kai ma ka yi."

"In na sata, za a ce ni na liƙa takardar. Dole a gabansu za a buɗe, da yardar mai shi."

Don Arcadio ya mutu bai kira sunan ba. Da Ɗan Kongo aka raka gawarsa maƙabarta, an ɗora lasifika a bayan mota, Nemesio na cikin masu ɗaukar akwatin gawar. Ɗansa Wílmer ya gaji Kunama. Zamani ya riga ya juya, kiɗa daga kwamfuta yake fitowa, tsofaffin faya-fayai sai Lahadi ɗaya a wata, wadda ake kira Lahadin tsofaffi. Nemesio ya daina dako saboda baya, hannunsa na dama kuma ya soma rawa, jitar ma ta gagare shi.

Sai ga wani Bature ya zo, irin masu yawo suna sayen tsofaffin faya-fayai su sake buga su a ƙasarsu. Ya ji labarin Ɗan Kongo, ya ce zai saya, amma yana son sanin sunan makaɗin. Wílmer ya ce ai duk an kankare tun zamanin babansa. Nemesio na zaune a kan bencina, sai ya miƙe.

"Wannan ban kankare ba. Sunan na ƙarƙashin fenti."

"Sunan wa, Baba Nemesio?" in ji Wílmer yana ƙunshe dariya.

"Ka san abin da zan ce."

Wílmer bai yarda ko kaɗan cewa sunan Nemesio ne a ciki ba. Ya ɗauka sunan wani ɗan Kinshasa zai fito, faifan ya ƙara daraja, kuma ya hango taron da za a yi. Ya sa aka zagaya unguwa da lasifika ana shelar cewa ranar Lahadi za a buɗe fuskar Ɗan Kongo.

Ni na goge wa Nemesio farar rigarsa. Rabon da filin ya cika haka tun ana ganiyar gasa da Damisa, har tsofaffin magoya bayan Damisar sun ƙetaro gada. Wajen ƙarfe uku aka ajiye masa tebur a gindin mangwaro, da auduga da kwalbar kalanzir. Ya dafe hannun daman da na hagu ya fara. Kusan awa guda yana yi, a hankali, ana ta yi masa tsiya.

"Baba, in ka gaji mu kira mai fentin mota!"

Ja ya fara zama ruwan hoda, sai rawaya ta leƙo. Wílmer ya sunkuya da makirufo a hannu yana karanto haruffa ɗaya bayan ɗaya yadda suke fitowa, yana wasa da murya. Da ya kai na huɗu wasan ya bar muryarsa. Ya karanta sunan gaba ɗaya, har da Barranquilla da ke rubuce a ƙasa.

Na saki matsamin waina na yi guɗa, ni kaɗai. Babu wanda ya taya ni. Can baya wani ɗan Damisa ya fashe da dariya, ya ce ashe kusan shekara talatin da kayan gida ake cin su. Sai Doña Etelvina, tsohuwar da ta fi kowa rawar Ɗan Kongo, ta ratso mutane da sandarta ta tsaya gaban teburin.

"Kai ne, ɗan Tomasa?"

"Ni ne, Doña."

"Da kiɗan nan na binne mijina. Na ce masa muryar gidan kakanninmu ce za ta raka shi. Da shi na aurar da 'ya'yana uku. Me muka yi maka? Da ka bar mu da abinmu."

Nemesio ya buɗe baki zai gaya mata inda ya samo sautin, amma ta riga ta juya.

Wílmer ya yi ta maza ya ɗora faifan. Kiɗan dai shi ne, jitar ta hau, ta tsaya inda ta saba tsayawa, ta sauko. Wasu 'yan kaɗan suka tafa don kara. Sauran suka fara zamewa ta ƙofa, kuma da yake kaskona ne a ƙofar, a kaina suka taru. Ranar har ƙulluna ya ƙare, kuma ban taɓa yin cinikin da ya ba ni kunya irin wannan ba. Mugun nan Don Arcadio yana kabari, amma maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba.

Baturen mutumin kirki ne a baki. Ya gaisa da Nemesio da hannu biyu, ya ɗauki hotonsa, ya ce labarin ya taɓa shi ƙwarai, sai dai masu sayen kayansa na Afirka suke nema. Wílmer ya zare faifan daga tebur ya miƙa wa Nemesio.

"Riƙe, Baba. Ai naka ne."

Tun daga ranar ba a sake sa Ɗan Kongo a filin ba. Rediyo ma ta bar na samarin. Masu jita a unguwa suka koma wasu kiɗe-kiɗen, tsokanar da ake yi masa a hanya ita ma ta mutu, mutane suka koma gaishe shi a taƙaice suna kau da kai. Kowa ya san sunansa yanzu. Ba shi da garmaho a gida, sai ya rataye faifan a ƙusa kusa da hoton Tomasa. Lahadin tsofaffi yakan zo ya zauna a bencina daga farko har a tashi, kunnensa na cikin fili, ba ya cin komai.

Bayan kusan shekara, wata safiya ina shanya sai na ji ya kira ni ta saman katanga. Na zagaya. Yana zaune a bakin ƙofa, faifan a kan gwiwarsa, ga sabon gwangwanin jan fenti a buɗe kusa da ƙafarsa. Ya riga ya gwada da kansa, fentin ya ɗiɗɗiga a wandonsa saboda rawar hannu.

"Casilda, kina ganin in aka mayar da shi yadda yake, za su manta?"

Na so in zage shi irin zagin da na yi masa ranar guduma. Na so in ce masa ba wanda zai manta, kuma Wílmer ya sayar da teburin allurar tun watan jiya. Amma na dubi fuskarsa, sai zuciyata ta karye, na kasa.

"Sau nawa?" na ce.

"Uku. Ki bari ya bushe tsakani."

Na zauna kusa da shi, na karɓi burushin, na fara daga harafin farko. Yana kallo bai ƙifta ba.

"A hankali," ya ce. "Kada ki taɓa layin kiɗan."